Huji Biyar a Ƙwallon Nata'ala

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa, har manomi ya rataye fartanya ya tafi birni neman aikin lebura, Nata'ala ɗan Malam Gide na Mabai ya sami aiki a Kaduna. Ba ɗaukar siminti ba irin na sa'o'insa. A sansanin injiniyoyin ƙasar waje masu gina matatar mai aka ɗauke shi, aka sa shi a zauren wasanninsu, inda suke wani wasa da suke kira bolin.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Akwai dogon dandamalin katako mai santsi, a ƙarshensa an jera wasu itatuwa guda goma masu siffar kwalba, shi ya sa ma'aikata suke ce masu kwalabe. Mai wasa sai ya ɗauki ƙwallo mai nauyin ɗan akuya, ya zura yatsu uku a ramukan da aka huda a jikinsa, ya garo shi bisa katakon don ya kayar da kwalaben. Aikin Nata'ala shi ne ya zauna can baya, in an kayar ya tayar, ya maido ƙwallo. Da rana kuwa, in injiniyoyi sun tafi aiki, shi da masu shara da kuku-kuku masu dafa abinci sai su ɗan taɓa. A haka hannunsa ya faɗa, har ya zamana in ya garo, kuku-kuku kan bar tukunya su leƙo.

Abu ɗaya ke ci mashi tuwo a ƙwarya: babban yatsansa na dama. Tun yana saurayi igiyar wani sa ta murɗe shi, ya warke a karkace, ya yi kauri. Ƙwallayen zauren kuwa duk an huda su ne daidai da ƙananan hannuwa. In ya zura yatsan sai ya maƙale, in ya fita sai ya fita da fata.

Akwai wani injiniya da ma'aikata ke kira Mai Gilashi, mutum marar yawan magana, wanda ya daɗe yana lura da shi. Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya kira Nata'ala ya ciro mashi sabon ƙwallo daga kwali, baƙi wuluk mai ratsin ja, ba ko huji ɗaya a jikinsa. Ya kama hannun Nata'ala ya shimfiɗa a kai, ya auna, ya zana da'ira uku da farin fenti. Sannan ya nuna mashi wani ɗan ɗigo fari, bai kai ƙwayar wake ba, da aka yi ƙwallon da shi. Da guntun Turanci da nuni ya fahimtar da shi cewa nauyin da ke cikin ƙwallon ba a tsakiya yake zaune daram ba, ɗigon nan shi ke faɗin inda ya karkata. Tazarar da ke tsakanin ɗigon da ramukan yatsu ita ke sa ƙwallo ya tafi inda aka aike shi. A huda cikin da'ira, a bar ɗigo. Ya maimaita wannan har Nata'ala ya fara jin kunya.

Mutumin da ke huda wa injiniyoyin ƙwallo ya riga ya tafi da kayan aikinsa. Ga shi an sa gasa ta ma'aikata 'yan ƙasa bayan Babbar Sallah. Nata'ala bai damu ba, don ya san wanda zai kai wa. Mijin yayarsa Lauratu, Sha'ibu, makanike ne a Ƙanƙara, kuma labari ya iso har Kaduna cewa ya sayi janareta da injin huji na lantarki.

Da ya zo hutun Sallah Mabai, ya fito da ƙwallon daga cikin tsohuwar riga da ya naɗe shi. Malam Gide ya ɗaga, ya jinjina, ya ajiye.

"Mi ake daka da shi?"

"Ba a daka komai, Baba. Wasa ake yi."

"Wasa," in ji tsohon. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Washegari Nata'ala ya hau mota zuwa Ƙanƙara. Zamanin ya karɓi Sha'ibu. Garejinsa da a da rumfar kara ce, yanzu kwano ne, tifofin 'yan kwangila sun yi layi a waje, direbobi na zaune bisa benci suna cin gyaɗa. Shi kuma mutum ne mai baki, in yana magana sai ka ce da kasuwa yake yi. Tun ranar da ya auri Lauratu yake tsokanar Nata'ala da wasan nan na miji da ƙanen mata, kuma tun da yaron ya tafi Kaduna ya laƙaba mashi suna.

"A'a! Baturen Mabai! Mai tsintar kwalabe! Yau kuma kan wa ka yanko mamu?"

Direbobi suka yi dariya. Nata'ala ma ya yi, don ya saba. Ya gaishe shi, ya tambayi Lauratu, sannan ya ajiye ƙwallon bisa teburin aiki ya shiga bayani. Ya nuna da'irar nan uku. Ya ce ta babban yatsa a buɗa ta, a ɗan kwantar da ita gefe saboda karkatar yatsan. Ya ɗora ɗan yatsa kan ɗigon.

"Yaya Sha'ibu, wanga ɗigo shi ne ran ƙwallon. Don Allah kada ƙarfe ya taɓa shi. Tazarar nan da ka gani tsakaninsa da da'ira, da gangan aka bar ta."

"To, na ji."

"In ba ka da sukuni yau, in dawo mu yi tare, ina tsaye."

"Kai, ni za a tsaya wa a ka? Na huda kan injin tifa, sai dutsen wasan Nasara zai gagare ni? Tahi ka ci naman Sallarka, ka dawo ka iske aiki."

Hankalin Nata'ala bai kwanta ba, amma ba a ja da mijin yaya a gaban baƙi. Ya shiga gida ya gaida Lauratu, wadda cikinta ya tsufa tana tafiya da ƙyar, ya ci abinci, ya koma Mabai.

Bayan Sallah ya dawo. Tun daga nesa ya ji janareta na ruri, ya ga mutane sun fi na ran nan yawa. Da suka hango shi sai wani direba ya dafa na kusa da shi, suka fara murmushi. Sha'ibu ya fito yana share hannu da tsumma.

"Ga mai kaya! Kawo mashi, kawo mashi ya ga aiki."

Aka mirgino ƙwallon daga ƙarƙashin tebur, ya yi butu-butu da baƙin mai. Nata'ala ya durƙusa ya juya shi. Da farko bai gane abin da yake gani ba. Ramuka ne guda biyar, a jere kamar bakin sarewa. Biyu sun ɗan shafi da'ira, sauran kuwa can inda suka ga dama. Ya juya, ya sake juyawa, yana neman ɗigon. Babu. A inda yake a da, wani ƙaton rami ne wanda tabarya ƙarama za ta shiga.

"Ina ɗigon?" ya tambaya.

"Ai nan na fara. Kowane mai aiki ya san in an sa ɗigo, nan ake ɗora bakin ƙarfe. Sauran biyun kuma gyara na yi maka. Allah ya ba ka yatsu biyar, Bature ya ce ka yi aiki da uku? Zura duka, ka ji daɗi."

Wurin ya kece da dariya. Wani tsohon direba har da buga cinya. Shi ne ma ya ƙara da cewa, "Wallahi ran nan mun sha kallo. Alhaji mai tifofi ya ce injin ba zai ci dutse ba, Sha'ibu ya ce a kawo na Baturen Mabai a gwada. Sai ga gari na tashi kamar ana niƙa."

Nan Nata'ala ya gane. Ba kuskure ba ne. An yi wasan kallo ne da kayansa don a burge mai kuɗi.

Ya miƙe a hankali.

"Malam Sha'ibu, na ce maka kada ka taɓa ɗigon ko ban ce ba?"

"Yau kuma Malam na zama?"

"Na ce ko ban ce ba?"

"To, ka ce. Sai mi? Dutse ne fa, ƙanena. Ka koma su ba ka wani, ai kai ɗan gida ne wurin Nasara."

"Wanda ya ba ni ya bar ƙasar! Guda ɗaya ne! A duk rayuwata abu ɗaya aka taɓa aunawa da hannuna, aka ce wanga naka ne, kai kuma ka ɗauka ka yi tallar injinka da shi!"

"Kai, sassauta murya. A garejina kake."

"Garejin banza! Na durƙusa na roƙe ka da Allah, a gaban mutanen nan. In da na Alhaji mai tifofi ne, ko ƙusa ce, ka isa ka ƙara mata rami?"

Fuskar Sha'ibu ta canza. Ya jefar da tsumman.

"Alhaji aiki yake kawo mani. Kai mi ka kawo? Ƙato da kai, an bar ka da gonar uba ka gudu, ka tahi kana tsugunne bayan katako kana ta da wa wasu ƙatti kwalabe. In ba don Lauratu ba, ko taɓa shi zan yi?"

Nata'ala ya dubi injin hujin, yana tsaye can ƙuryar gareji, sabo, da jan fenti. Bai san lokacin da yatsunsa suka shiga ramukan ba. Ya ja baya, ya yi taku irin wanda ya saba, ya saki ƙwallon bisa siminti da dukan ƙarfinsa.

Injin ya nufa. Ƙwallon ya tafi sak har rabin hanya, sai ya yi wata rawa, ya karkace hagu, ya sami Sha'ibu a idon sawu. Aka ji ƙas, kamar an karya rake. Sha'ibu ya zube yana salati.

Direbobi suka ruga wurinsa. Wasu suka riƙe Nata'ala, ko da yake ba inda za shi, yana tsaye ne kawai yana haki. Aka ciccibi Sha'ibu zuwa gidan maɗori. Lauratu ta fito ƙofar gida da mayafi a karkace, ta dubi mijinta da ake ɗauke da shi, ta dubi ƙanenta. Ta bi bayan masu ɗauka. Shi kuma ya sunkuya ya ɗauki ƙwallonsa, ya naɗe a rigar, ya tafi tasha.

Kafin ya isa Mabai labari ya riga shi. Ya iske Malam Gide zaune a zaure, igiyar na gefe.

"Zauna," in ji tsohon. Ya zauna. "Ka karya mijin yayarka."

"Ba shi na nufa ba, Baba. Injin na nufa."

"To, madalla. Injin da yake ci da iyali da shi. Yanzu na ji sanyi."

"Baba, ba ka ji abin da ya yi mani ba. Amana na ba shi. Na nuna mashi, na roƙe shi..."

"Na ji duka. Ya huda dutse inda ba ka so ba. Ɗiyata na da ciki wata tara, mijinta na kwance, kai kuma kana mani zancen ɗigo. Gobe da safe za mu Ƙanƙara, ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

"In shi ya fara cewa ya yi mani laifi, zan ba shi."

"Da wa kake ciniki? Da ni?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai, amma bakinsa bai rufu ba. Abin da ya fi ƙona mashi rai shi ne, duk wanda ya ji labarin, da an zo kan ƙwallo sai ya yi murmushi. Da saniya Sha'ibu ya lahanta, da keke ne, da yanzu dattawan unguwa sun zauna. Amma tunda abu ne da ba wanda ya san amfaninsa sai shi, ya zama mahaukaci mai faɗa a kan dutse.

"Baba, a gaban mutane ya ce na gudu na bar ka da gona. Ya ce ni ba kowa ba ne."

Malam Gide ya dube shi.

"Bai kyauta ba," ya ce. "Amma magana ba ta karya ƙashi. Ko ka bi ni gobe, ko kada in ga ƙeyarka a gidan nan sai ka je."

Da safe Malam Gide ya tafi Ƙanƙara shi kaɗai. Nata'ala ya ɗauki jakarsa ya hau motar Faskari, don wani ya taɓa gaya mashi akwai mai gyaran jikin mota a can, Barau, wanda in ya toshe rami a jikin mota ba ka gane wurin. A hanya bai ga gona ba, bai ga gari ba. Faɗan yake ta sake yi a ransa, yana samo amsoshin da ya kamata ya ba Sha'ibu, waɗanda suka fi jifa zafi. A Ruwan Godiya wata mata ta shigo da tulun man gyaɗa, ta nemi ya matsa da kayansa, ta taɓa ƙunshin ta ce, "Kai, ɗan nan, kabewar taka ta yi tauri." Ya harare ta har ta kama bakinta.

Barau mutum ne siriri mai tabon ƙuna a hannu. Ya juya ƙwallon, ya leƙa ramukan.

"Wa ya yi maka wanga aiki?"

"Wani jaki."

"Jakin na da injin kirki dai, ramukan sun fita sumul." Da ya ga fuskar Nata'ala sai ya bar zancen. "Zan cika su da foti, irin wanda muke shafa wa mota. Zai bushe ya yi tauri, in goge ya yi santsi. Amma ka sani, foti ba shi da nauyin abin da aka cire. Kuma ni ban san ko zai jure duka ba. Mota ba a gara ta a ƙasa."

"Cika kawai."

Ya kwana biyu a Faskari yana jiran foti ya kama, yana kwana a shagon Barau. Da aka gama, ƙwallon ya fito da tabo biyar masu ruwan toka, kamar kan mai ƙazuwa. Barau ba shi da abin huji mai faɗin yatsa, sai ya tura shi Sabuwa wurin Malam Hadi, kafinta, mai huda karkiyar shanun noma.

Malam Hadi dattijo ne mai haƙuri, shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya saurari bayanin ɗigo da tazara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"To, ina ɗigon yake yanzu?"

"An cinye shi. A nan yake, wajen tsakiyar babban tabon nan."

"Tsakiya, ko wajen tsakiya?"

Nata'ala ya sake duban tabon. Ramin ya fi ɗigon faɗi nesa ba kusa ba, kuma bai san ko Sha'ibu ya ɗora bakin ƙarfen daidai a kai ba. Fentin da'irar ma baƙin mai da gugar Barau sun tafi da shi. Ya ji wani sabon baƙin ciki ya taso mashi, har idonsa ya kawo ruwa.

"Ban sani ba," ya ce.

"To, sai mu yi kirdado, Allah ya sa a dace."

Suka kafa ƙwallon cikin wani tsohon turmi don kada ya motsa. Nata'ala ya shimfiɗa hannu, aka zana da gawayi. Malam Hadi ya kawo abin hujinsa na hannu, mai wainawa, ya ɗora ƙirji a kai. Abin ya ƙi ci da sauri, suka yi ta karɓa-karɓa har la'asar, gumi na ɗiga cikin ramin. Na babban yatsa suka buɗa da wuƙa da takardar yashi, ana gwadawa ana ƙarawa. Da yatsan ya shiga ya fita ba tare da ya maƙale ba, Nata'ala ya ji daɗi na ɗan lokaci, sannan ya tuna yadda abin zai kasance da an yi shi daidai tun farko, daɗin ya gudu.

Ya koma Kaduna bai bi ta gida ba. A zauren ya gwada ƙwallon. Yana tafiya, amma da ɗan ɗingishi, kuma kusa da kwalabe sai ya ja hagu. Ya koyi sakinsa daga can dama don ya rama. Kullum in ya ja hagun nan sai ya ambaci sunan Sha'ibu a ransa, ba da alheri ba.

Ranar gasa ya fara da kyau, har ma'aikata na kiran sunansa. Ana tsakiyar wasa ya saki ƙwallo, aka ji wani ƙara daban. Fotin babban ramin ya ɓalle, bakin ramin ya karci katakon ya bar dogon zane. Mai kula da zauren ya zo a fusace, ya ɗauke ƙwallon, ya ce kada ya sake hawa katakonsa. Nata'ala ya ƙarasa da na zauren. Yatsan ya kumbura, ya fashe, yana goge jini a wando yana garawa. Bai yi na ɗaya ba, bai yi na ƙarshe ba. Wani mai wanki ne ya tafi da rediyon da aka sa kyautar na ɗaya.

Damina ta wuce bai je gida ba, ba wanda ya aiko mashi. Sai wata rana a tashar Kaduna ya ci karo da tsohon direban nan mai buga cinya.

"Baturen Mabai! Ba mu gan ka wurin suna ba."

"Sunan wa?"

"Au, ba ka ji ba? Yayarka ta sauka tun tuni, mace. Yarinya har ta fara zama."

Nata'ala ya tsaya kamar an dasa shi. Lauratu ce ta goya shi da uwarsu ta rasu. A ce ta haihu, a yi suna, a ci a watse, ba wanda ya ga ya isa a gaya mashi? Ransa ya ɓaci, ya rasa da wa zai yi fushin, don ko ta ina ya juya sai ya iske kansa a ciki. Ƙarshen mako ya sayi turmin atamfa da sabulu da 'yan kayan jarirai, ya hau mota.

Ya iske Lauratu a tsakar gida tana tankaɗe, jaririyar na kwance bisa tabarma. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya durƙusa ya ajiye kayan.

"Yaya, ina wuni. Ashe an sauka lahiya."

"Ashe."

"Ba wanda ya gaya mani."

Sai ta ajiye rariyar.

"Ni na hana. Baba ya so ya aika, na ce in an aika ban yafe ba. Ka san yadda na haihu? Mijina na kwance ƙafa a ɗaure da kara, gareji a rufe, tifofi sun koma wurin wani. Ni ke ɗaga shi, ni ke kai mashi ruwa, da ciki a gaba. Ran da naƙuda ta zo, shi da zai nemo mota yana rarrafe yana kiran maƙwabta. Kai kana ina? Kana yawon garuruwa da dutse a goye kamar jinjiri!"

"Yaya, shi ya fara..."

"Na sani! Ka ɗauka ban gaya mashi ba? Na gaya mashi har ya daina cin tuwona kwana da kwanaki. Na ce ka ci amanar yaro, ka wulaƙanta shi don a yi dariya, bakinka ne ya karya ka. Shi na gaya mashi nashi. Kai kuwa ka gudu ban sami inda zan gaya maka naka ba. Ku biyu kun yi faɗanku na maza, kowa ya huce a kaina. Wa ya tambaye ni?"

Jaririyar ta farka da kuka. Lauratu ta ɗauke ta tana jijjigawa. Nata'ala ya ce ta yi haƙuri, ya sake cewa, muryarsa can ƙasa.

"Sunanta Saudatu," ta ce daga baya, ta miƙa mashi ita. "Riƙe ta da kyau, ba garawa ake ba."

Yana riƙe da yarinyar aka yi gyaran murya a zaure. Sha'ibu ya shigo yana dogara sanda, ƙafar hagu na ɗan ja. Ya rame. Ya tsaya suka dubi juna.

"Malam Nata'ala. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

Ya zauna bisa turmi da ƙyar, ya miƙe ƙafar. Lauratu ta koma tankaɗenta tana bugun rariya da ƙarfi.

"Ban ɗauka ɗigon nan wani abu ba ne," in ji Sha'ibu, yana kallon ƙasa.

"Na gaya maka."

"Ka gaya mani."

Nata'ala ya jira ko zai ƙara, bai ƙara ba. Ya ji tsohon zafin na motsi a ƙirjinsa, ya dubi sandar, ya haɗiye.

"Ni ma ba ƙafarka na nufa ba."

"Na sani."

Iyakar abin da suka iya ke nan. Lauratu ta kawo tuwo a kwano ɗaya ta dire tsakaninsu, suka ci, kowa na gutsura daga gefensa. Da la'asar Nata'ala ya wuce Mabai ya gaya wa Malam Gide ya je. Tsohon ya ce, "To," ya sa aka kawo mashi fura.

Sha'ibu ya sake buɗe gareji, wasu tifofin suka dawo, wasu ba su dawo ba, kuma bai rabu da ɗingishi ba in sanyi ya kama. Nata'ala ya ci gaba da aikinsa har aka gama matata, aka rushe sansanin, ya koyi tuƙi ya shiga jigilar hatsi tsakanin Sabuwa da Kaduna. Zumunci bai yanke ba. In an yi biki suna haɗuwa, in an yi rasuwa suna zama tabarma ɗaya, su gaisa, su tambayi iyali, kowa ya juya ga na kusa da shi. Yaran da aka haifa daga baya sun taso sun ɗauka haka kawunsu da ubansu suke tun asali, mutane biyu masu girmama juna da ba su da abin cewa.